Babi na Shida: Abu Ɗaya, Suna Ɗaya

Manhajar kwamfuta ko ta waya ba ta zuwa hannun jama'a ita kaɗai, domin kullum tana tafe da rubutun da ke bayyana yadda ake sarrafa ta, kuma wannan rubutu shi ake nufi da jagora a cikin wannan babi. Jagora ya ƙunshi littafin da a dā ake sakawa a kwali tare da faifan manhaja, da shafukan taimako da ke intanet, da 'yan gajerun bayanan da ke bayyana a kan allo, har ma da saƙon da na'ura ke fitarwa idan aiki ya cije. Masu sana'ar rubuta shi, waɗanda ake kira marubutan fasaha, suna auna aikinsu da ma'auni biyu. Na farko shi ne fayyacewa, wato mai karatu ya gane abin da ake nufi tun a karatun farko ba sai ya koma baya ba. Na biyu kuma shi ne daidaito, wato abin da aka raɗa wa suna a shafi na uku ya ci gaba da amsa wannan sunan har shafi na ɗari uku, kuma shafukan da ke aiki iri ɗaya su zo da tsari iri ɗaya. An saba ɗaukar ma'aunan nan a matsayin abubuwa biyu masu zaman kansu, alhali kuwa fayyacewa ba ta tsayawa sai a kan daidaito, kuma dalilin haka yana cikin halin da mutum yake ciki a lokacin da ya nemi jagora.

Da wuya a sami wanda ya zauna ya karanta jagoran manhaja daga bango zuwa bango kamar yadda ake karanta ƙagaggen labari. Mutum yakan neme shi ne bayan aiki ya riga ya tsaya masa, wataƙila ga layin mutane a gabansa idan mai POS ne, ko kuma ranar rufe rajista ta matso idan ɗalibi ne mai cike fom ɗin jarrabawa, saboda haka yakan faɗo tsakiyar shafi ta hanyar bincike, ya duba layi biyu ko uku, ya koma kan aikinsa. A shekarar 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke mu'amala da kwamfuta, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna bin shafin intanet da ido ne kawai suna tsintar kalmomi, kuma kashi 16 ne kaɗai ke karantawa kalma bayan kalma. Shekara goma kafin haka, John Carroll da Mary Beth Rosson na cibiyar binciken kamfanin IBM sun riga sun bayyana cewa mutane sun gwammace su faɗa cikin aiki kai tsaye su yi ta tuntuɓe da su zauna koyo, ko da kuwa koyon zai rage musu wahala daga baya. Marubucin jagora ba shi da ikon sauya wannan ɗabi'a, don haka a kanta zai ɗora gininsa.

Mai karatu irin wannan, wanda bai ga shafin da ya gabata ba kuma ba zai ga na gaba ba, yana ɗaukar duk wani sauyin kalma a matsayin sauyin ma'ana. A nan ne sana'ar rubuta jagora ta saɓa wa abin da aka koya wa kowa a darasin insha'i, inda malami ke jan layi a ƙarƙashin kalmar da aka maimaita, yana yaba wa ɗalibin da ya iya kawo takwarorinta. A waƙa ko a zube wannan gwaninta ce, amma idan jagora ya ce a goge fayil a sakin layi na farko, ya ce a share shi a na biyu, sannan ya ce a cire shi a na uku, mai karatu yana da hujjar zaton cewa ayyuka uku ne, kuma a manhajoji da dama zaton nasa daidai ne, tun da cire hoto daga wani kundi yakan bar asalinsa a cikin waya, goge shi kuwa yakan raba mutum da shi. Kishiyar wannan kuskure ta fi shi haɗari, wato a kira abubuwa da yawa da suna ɗaya. Mai asusun banki a waya yana riƙe da aƙalla asirai uku: kalmar da yake buɗe manhajar da ita, da 'yan lambobin da yake tabbatar da tura kuɗi da su, da kuma lambar da banki ke turo masa ta saƙon tes, wadda ke aiki sau ɗaya ta mutu. Idan jagora ya kira dukkansu lambar sirri, wanda aka ce ya shigar da lambar sirri ba zai san wacce ake nufi ba, kuma bayan ya gwada sau da yawa ana iya rufe masa asusu. Mafi muni, mazambacin da ya bugo waya yana cewa lambar da aka turo ta tes ba ta cikin waɗanda aka hana bayarwa ya sami ƙofar shiga a cikin ruɗanin da rubutun ya haifar.

Masu ƙera manyan injuna sun riga masu manhaja ɗaukar wannan matsala da muhimmanci. A farkon shekarun 1970 kamfanin Caterpillar na Amurka, mai ƙera motocin aikin hanya da na haƙar ƙasa, ya tsara wani taƙaitaccen Turanci mai kalmomi kusan 850 domin kanikawansa da ke ƙasashen da ba a jin Turanci su iya karanta littattafan gyara ba tare da an fassara musu ba. Daga baya ƙungiyar kamfanonin sufurin jiragen sama na Turai ta nemi masu ƙera jirage su samar da makamancinsa, saboda littattafan gyaran jirgi da Turanci ake rubuta su alhali yawancin kanikawan da ke karanta su ba harshen iyayensu ba ne. Abin da aka samar ya fara fitowa a 1986, kuma a yau ana kiran sa ASD-STE100, wato sauƙaƙan Turancin fasaha. Yana da ƙa'idojin rubutu hamsin da 'yan kai, da ƙamus na kalmomi kusan 900 da aka amince da su, kuma kowace kalma an ɗaure ta da ma'ana ɗaya. Kalmar Turanci da ke daidai da "bi", alal misali, tana iya nufin zuwa bayan wani abu, tana kuma iya nufin yin biyayya, kamar dai yadda take a Hausa, sai aka bar mata ma'anar farko kawai, aka ware wata kalmar ga ta biyu. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, ta bayani ba ta wuce 25, sakin layi ba ya wuce jimla shida, kuma jimla ɗaya umarni ɗaya take ɗauka sai dai idan ayyuka biyu ne da ake yi a lokaci guda. Rubutun da ke fitowa daga wannan tsari ba shi da armashi, marubuta ma sukan yi ƙorafin cewa ya ɗaure musu hannu, amma kanikan da ke ƙarƙashin fiffiken jirgi da tsakar dare tabbas yake nema. Adadin kalmomin ba zai yi daidai da Hausa ba, tun da Hausa tana rubuta lamirin suna da alamar lokaci a ware, har jimlarta ta fi ta Turanci yawan kalmomi, sai dai ƙa'idar kalma ɗaya ma'ana ɗaya babu harshen da ba za ta yi masa amfani ba.

Masu tsara ƙa'idojin intanet kuma sun ci karo da wani reshe na matsalar, wato nauyin umarni. Idan takarda ta ce ya kamata a yi kaza, injiniyan da ke Jamus yana iya ɗaukar sa tilas, takwaransa na Japan ya ɗauke shi shawara, sai manhajojin da suka rubuta su kasa fahimtar juna. A watan Maris na 1997 Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya fitar da wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119, wadda ta kasa umarni mataki biyar: abin da tilas a yi, da abin da tilas a bari, da abin da ake so a yi amma ana iya barinsa idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, da abin da ake so a bari bisa wannan sharaɗin, da kuma abin da aka bar wa mutum zaɓi. Kowane mataki an ba shi kalmominsa, ana rubuta su da manyan baƙaƙe domin a san da ma'anarsu ta ƙa'ida aka kawo su. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure zai gane wannan rabo nan take, domin ya yi daidai da wajibi da haram da mustahabbi da makaruhi da halal, kuma malaman da suka tsara waɗancan hukunce-hukunce tun ƙarnoni da suka wuce sun san cewa wanda ba ya iya bambance farilla da nafila zai wahala a inda aka sauƙaƙa masa, ya kuma yi sakaci a inda aka tsananta. Hausa ba ta rasa kalmomin yin wannan aiki ba: akwai "dole ne", da "kada", da "an fi so", da "ba a so", da "ana iya". Matsalar tana wurin "ya kamata", wadda ke zaune tsakanin tilas da shawara, kuma masu fassara sukan jefa ta a gurbin duka biyun, saboda haka jagoran da ke son a fahimce shi sai ya tsayar mata da matsayi ɗaya ko ya bar ta baki ɗaya. Haka abin yake ga gargaɗi, domin idan kowace 'yar tunatarwa an zagaye ta da jan layi, ido yakan saba har ya tsallake wadda ke kashedin asarar dukkan bayanai.

Daidaito bai tsaya ga kalmomi ba, ya haɗa da fasalin shafi. A ranar 3 ga Nuwamba 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakin binciken Bell suka fitar da bugun farko na jagoran tsarin Unix, inda kowane umarni ya sami shafinsa mai kanun da ba sa sauyawa: sunan umarnin, da taƙaitaccen yadda ake rubuta shi, da cikakken bayani, da fayilolin da ya shafa, da inda za a ƙara dubawa, da ma'anar saƙonnin matsala, da kuma kurakuran da aka san manhajar tana da su. Fiye da shekara hamsin bayan haka wannan fasali yana nan a Linux da macOS, kuma amfaninsa irin na kasuwar da aka tsara layi-layi ne, inda mai neman atamfa ba ya ratsa rumfunan 'yan hatsi yana tambaya. Kan ƙarshen nan na kurakurai ya cancanci a yaba masa, domin ba kowane kamfani ne ke da ƙarfin halin rubuta aibin hajarsa a jikin jagoranta ba. A 2005 aka amince da wani tsari mai suna DITA, wanda ya samo asali daga IBM, da ke raba rubutu gida uku: bayanin ma'anar abu, da matakan yin aiki, da jadawalin da ake dubawa don neman wani adadi ko suna. Daniele Procida ya zo da rabo huɗu a tsarinsa na Diátaxis, inda ya ware darasin sabon shiga daga matakan warware matsalar wanda ya riga ya iya. Ko wane rabo aka bi, abin da ake gudu guda ne, wato a cusa tarihin manhaja da hikimar ƙirarta a tsakanin mataki na uku da na huɗu, alhali mai karatu yana tsaye da yatsa a kan maɓalli.

Carroll ɗin da aka ambata a baya ya bi wannan tunani har ƙarshensa a littafin da ya wallafa a 1990, wanda ya raɗa wa sunan mazurarin Nuremberg, wani abin almara na Jamusawa da ake cewa ana ɗura wa ɗalibi ilimi da shi ta ka. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki jagoran wata na'urar buga rubutu ta IBM suka mayar da shi shafi 45, abin da bai kai rubu'in asalinsa ba, suka zubar da dogayen gabatarwa, suka fara da aikin da sakatare ke son yi tun ranar farko, wato buga wasiƙa, sannan suka ware wuri mai yawa ga yadda ake gane kuskure da yadda ake fita daga cikinsa. Waɗanda suka koya da gajeren jagoran sun fi saurin iyawa. Abin da ke hana marubuta da yawa yin haka shi ne sanin da suka yi wa manhajar, wanda ke ɓoye musu inda baƙo zai ɓace. A 1990 Elizabeth Newton ta Jami'ar Stanford ta sa wasu mutane su ƙwanƙwasa karin sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu kuma su faɗi waƙar da suka ji. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabi, amma cikin waƙoƙi 120 uku kawai aka gane, saboda mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar a ransa, mai sauraro kuwa ƙarar katako kawai ke isa kunnensa. Injiniyan da ya rubuta "a daidaita saituna sannan a ci gaba" yana ganin allon a ransa kamar haka, ya manta cewa mai karatu bai san inda saitunan suke ba, balle abin da zai daidaita.

Maganin wannan yana cikin wasu ƙananan ɗabi'u na gina jimla. Sharaɗi yana zuwa kafin umarni, domin wanda ya karanta "danna maɓallin gogewa idan ba a bukatar fayil ɗin" yana iya dannawa kafin idonsa ya kai ga "idan", kuma saboda wannan dalilin gargaɗi yana zuwa kafin matakin da ya shafa. Wuri yana zuwa kafin aiki, wato a faɗi ɓangaren allon da za a duba sannan a faɗi abin da za a danna. Kowane mataki mai lamba aiki ɗaya yake ɗauka, kuma yana da kyau a faɗi abin da zai bayyana bayan an yi shi, domin da wannan ne mutum ke sanin bai saki hanya ba. Kalmomi irin su "kawai" da "cikin sauƙi" ba sa ƙara bayani, illa su sa wanda ya kasa ya ji cewa laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

Saƙon matsala shi ne ɓangaren jagora da aka fi karantawa, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda galibi injiniya ne ke rubuta shi cikin gaggawa don amfanin kansa. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin makamashin nukiliya na Kanada, ta zuba wa aƙalla marasa lafiya shida haske mai ƙarfin da ya ninka wanda aka rubuta musu sau da yawa, wasunsu kuma suka rasu. A wani asibiti da ke garin Tyler na jihar Texas, a watan Maris na 1986, abin da allo ya nuna shi ne "Malfunction 54", wato matsala mai lamba 54, kuma littafin da aka ba masu sarrafa na'urar bai bayyana ma'anar waɗannan lambobi ba, bai kuma nuna cewa wata daga cikinsu tana iya nufin ran mara lafiya yana cikin haɗari ba. Da yake na'urar ta saba tsayawa da irin waɗannan saƙonni a kan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, ma'aikata sun saba danna maɓallin ci gaba. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa asalin musibar kuskure ne a cikin manhajar da kuma rashin makaran kariya a jikin na'urar, amma saƙon da ba ya faɗin komai ya ƙwace wa ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar a Tyler damar ƙarshe ta dakatar da aikin. Saƙon kirki yana faɗin abin da ya faru, da girman haɗarinsa, da abin da za a yi yanzu, da kalmomin da ke cikin sauran jagoran.

Taƙaitawa ma tana da iyaka, kuma jirgin Boeing 737 MAX ya nuna inda take. An saka wa jirgin wata manhaja mai suna MCAS da ke sunkuyar da hancinsa da kanta a wasu yanayi, amma ba a yi wa matuƙa bayaninta a littafin da suke aiki da shi ba. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indonesiya ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines kuma ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Dalilan haɗurran suna da yawa, tun daga ƙirar da ta dogara ga na'urar awo guda ɗaya, sai dai matuƙan jirgin farko sun yi kokawa da abin da ba a taɓa gaya musu yana nan ba. Abin da Carroll ya koyar shi ne zubar da maganar da mai karatu ba ya bukata. Duk abin da manhaja ke yi da kanta ba da umarnin mutum ba kuwa yana cikin abin da tilas a rubuta.

Ga mai rubutu da Hausa, waɗannan matsaloli suna zuwa da ƙari, saboda keɓaɓɓun kalmomin kwamfuta ba su gama zama ba. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook ya fara fitowa da Hausa a 2016, Microsoft ma ya fassara fuskar Windows, amma kowane ɗaya da kalmomin da masu fassararsa suka zaɓa, ga kuma na gidajen rediyo, ga na masu gyaran waya a kasuwa. Don haka ake samun kwamfuta da na'ura mai ƙwaƙwalwa, da intanet da yanar gizo, da sauke da zazzage, da danna da latsa da taɓa, da adana da ajiye, da fasa da soke, wani lokaci duk a shafi ɗaya. Muhawarar ko aro ya fi ko ƙirƙira ta fi tana da wurinta, amma a jagora ma'aunin shi ne kalmar da mai amfani zai gane, kuma wadda aka zaɓa a tsaya a kanta. Kalmar aro da ta zauna a baki, irin su fayil da data da kati, ta fi doguwar ƙirƙira da babu mai furta ta. Idan allon manhaja da Turanci yake alhali jagoran da Hausa, dole ne a rubuta sunan maɓalli harafi da harafi kamar yadda yake a allo, sannan a bayyana aikinsa, domin wanda aka ce ya danna "Aika" zai yi ta neman abin da babu shi.

Nahawun Hausa ma yana tilasta zaɓin da Turanci ba ya tilastawa. Umarni irin "danna" ba ya nuna jinsi, amma da zarar an ce "asusunka" an bar mata a waje, kuma jagoran da ke tsalle tsakanin "ka" da "ki" da "ku" da "a" yana sa mutum ya yi shakkar ko da shi ake. Sigar "a danna" tana da ladabi, sai dai tana ɓoye mai aiki, har "an rufe asusu" ba ya nuna ko banki ne ya rufe ko mai shi. Sigar "ku", wadda gidajen rediyo suka saba yi wa masu sauraro magana da ita, ta haɗa namiji da mace, tana kuma ɗauke da girmamawa, don haka ita ce ta fi dacewa da yawancin jagorori. Baƙaƙe masu ƙugiya da rabon kalmomi su ma suna sauya ma'ana, tun da "ƙasa" daban take da "kasa", kuma "ba ta" da "ɓata" sukan haɗu a rubutun sakaci su zama "bata". Marubuci ya rubuta su daidai, amma akwatin bincike ya karɓi duka biyun, saboda yawancin mutane ba su da waɗannan baƙaƙe a allon rubutun wayarsu, kuma Nijar tana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Kuɗi ya fi kowane abu bukatar hattara: a Nijar dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, alhali a Najeriya jaka naira 200 ce, sannan wanda ya yi karatu da Faransanci yana karanta waƙafin cikin lamba a matsayin alamar ɓarin adadi. Manhajar da ke tura kuɗi tsakanin Kano da Maraɗi dole ne jagoranta ya rubuta adadi da lambobi tare da sunan kuɗin, ya kuma rubuta sunan wata da haruffa a kwanan wata.

Babu marubucin da ke iya riƙe duk waɗannan zaɓe-zaɓe a kansa, balle idan marubutan suna da yawa, shi ya sa manyan kamfanoni ke da kundin salo, wato littafin da ke tsayar da yadda za a rubuta kowane abu. Microsoft ya buga nasa tun 1995 ya kuma mayar da shi intanet a 2018, Google ya buɗe nasa ga jama'a a 2017. Zuciyar irin wannan kundi ita ce jerin keɓaɓɓun kalmomi, inda kowace kalma ke da ma'anarta, da misalinta, da takwarorin da aka hana, kuma akwai manhajoji irin su Vale da ke bin rubutu suna nuna inda aka karya ƙa'ida. Bayanin da ake bukata a wurare goma ana rubuta shi sau ɗaya a riƙa janyo shi, domin idan an kwafe shi sau goma za a gyara tara a manta ɗaya. Da yake manhaja tana sauyawa kusan kowane wata, ƙungiyoyi da yawa suna ajiye jagora a rumbu ɗaya da manhajar, ta yadda ba za a karɓi sauyin maɓalli ba sai an gyara shafin da ya ambace shi, tare da hoton allon da ke cikinsa, wanda ya fi rubutu saurin tsufa. Bayan duk wannan akwai gwajin da babu na'urar da ke yin sa: a ba baƙo jagora da aiki, a zauna a gefe a yi shiru, a rubuta duk inda ya tsaya ko ya koma baya. Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da ke akwai.

Tsayar da keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne ga masana Hausa. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dalhatu Muhammad, wanda ya tattara kalmomin nazarin harshe da adabi da ake koyarwa da su a jami'o'i da kwalejoji. Fannin manhaja yana bukatar irinsa, a buɗe a intanet, mai karɓar gyara, wanda sassan Hausa na jami'o'in Najeriya da Nijar za su zauna su tsara tare da 'yan jarida, da masu fassarar sa-kai, da injiniyoyi, da masu gyaran waya waɗanda kullum suke jin kalmomin da jama'a ke furtawa. Ya fi kyau a fara da kalmomin kuɗi da na tsaron asusu, domin a nan ne kuskuren fahimta ke cin aljihun talaka kai tsaye.